Ranar da Na Haye Gadon Wani a Asibiti

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama majinyaci alhali ko mura ba na yi. A Tamanrasset ne, ƙarshen shekarun casa'in, ni da ƙanena Sani muna leburanci a wani gini a unguwar Sersouf. Daga Damagaram muka zo, babu mai takardar zama a cikinmu. In jandarma ya kama ka, sai dai ka tsinci kanka a bayan mota an nufi iyaka da kai.

Bulo ya faɗo wa Sani a ƙafa. Tsoron asibiti ya sa muka yi ta shafe-shafe a gida har ƙafar ta kumbura ta fara wari. Da abin ya fi ƙarfina na ɗauke shi muka tafi, ina ta cika baki a hanya: "Kwantar da hankalinka, muddin ina nan babu mai taɓa ka." (Allah ya shirya bakin nan nawa.)

Malamar jinyar da ta karɓe mu, Madam Fatimata, tana jin Hausa, uwarta 'yar Agadas ce. Ta kwance tsumman, warin ya buge ni har na kau da kai, ita ko fuska ba ta yamutsa ba. Faɗa ɗaya ta yi mini: "Sai da ta kai haka?" Ita da abokin aikinta, wani Balarabe mai suna Rashid, suka wanke ciwon, aka ba Sani gado.

Rannan da la'asar na zo dubiya, sai ga jandarma ya shigo ɗakin da kaki. Wallahi ban san lokacin da na daka tsalle na haye wani gado da na gani babu kowa ba. Na ja bargo har hanci, na fara nishi. Ni, jarumin Sani!

Ashe jandarman nan mahaifinsa ne ke kwance, shi ya zo dubawa. Ga shi mutumin kirki, sai ya shiga bin gado gado yana yi wa mutane sannu yana raba dabino. Ana haka mai gadon ya dawo daga banɗaki, wani tsoho mai rawani, yana riƙe da ledar ƙarin ruwansa. Ya tsaya a kaina yana kallo. Ta ƙasan bargo kuwa ga takalmana sun leƙo, duk siminti.

Madam Fatimata ta yi wa Rashid alama da ido. Ya kama hannun tsohon a hankali, ya zaunar da shi kan kujera yana gyara masa allura. Ita ta zo ta tsaya tsakanina da jandarman, ta riƙe tsintsiyar hannuna.

Jandarman ya tambaye ta da Larabci, "Wannan me ke damunsa?"

Na ce a raina yau kashina ya bushe, in an kore ni wa zai kula da Sani? Sai na ji ta ce, "Abin da ke damun mai kwance a ɗakin nan tsakaninmu ne da shi." Ya gyaɗa kai, ya ajiye mini dabino a kan ƙirji, ya yi mini addu'ar samun sauƙi. Na amsa amin da wata siririyar murya da ni kaina ban san ta ba.

Yana fita ɗakin ya ɓarke da dariya. Sani har da hawaye. Na so ƙasa ta tsage. Ita kaɗai ce ba ta dara ba. Ta ce, "Tashi ka ba baba haƙuri, sannan ka kama mini mu canja masa zanin gado."

Na daɗe ina jinjina wa matar nan. Ƙarya ba ta yi ba, asirina kuma ba ta tona ba, ni da nake zaton dole mutum ya zaɓi ɗaya. Sani ya warke ya fita da ƙafafunsa. Ni kuwa na koyi nawa karatun: kafin ka faɗa gadon asibiti, taɓa katifar tukuna. In ka ji ɗumi, da mai shi.