Ɗalha-san, Jakadan Japan a Catford

Idan ana lissafin waɗanda Allah ya yi wa baiwar sanin duniya, to a jawo kujerar gaba, a kakkaɓe ta, a ce ta Ɗalha ce. Ɗalha ɗan Gumel, mazaunin Landan, masanin Japan ciki da bai. Ba a taɓa yin Bahaushen da ya san Japanawa kamarsa ba, kuma wannan magana babu shakka a cikinta, domin daga bakinsa muka ji ta. Gaskiya ne bai taɓa taka ƙasar Japan ba. Amma wannan ƙaramin abu ne, mahassada ne kawai ke tayar da shi. Ai ba sai mutum ya faɗa rijiya ba kafin ya san tana da zurfi.

Asalin abin, Ɗalha na zaune ne a ɗakin baƙi na yayarsa Zubaida a Catford, yana ci, yana sha, yana riƙe da rimot, har maigidan ya fara yi masa irin gaisuwar nan ta "ina kwana, ya neman ɗaki?" Da gaisuwar ta yi yawa sai ya samo wuri a West Acton, can yamma inda Japanawa suka yi sansani, a ƙololuwar wani gida da wasu matasansu ke haya. Ɗaki ne da in ka miƙe tsaye rufi zai gaisa da ƙoƙon kanka. A nan ya koyi sunkuyo. Daga baya ya ce al'ada ce ta ratsa shi.

Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai. Shi Ɗalha bai jira kanwar ta zubo ba, da kansa ya ɗiba ya barbaɗa. Wata bai cika ba ya sanar cewa daga yau sunansa Ɗalha-san. Da wani ya gaya masa su Japanawan ba sa liƙa wa kansu wannan laƙabi na girmamawa, wasu ne ke kiran mutum da shi, sai ya yi murmushin tausayi ya ce wannan a kudancin Japan ne.

Sunkuyo kuwa ya zama masa kamar tari. Ya sunkuya wa direban bas. Ya sunkuya wa ƙofar jirgin ƙarƙashin ƙasa in ta buɗe, ya sake sunkuyawa in ta rufe. A ofishin da yake aiki a Aldwych, inda yake zaune bakin ƙofa yana miƙa wa baƙi katin shiga, aikin da shi yake kira harkar hulɗa da ƙasashe, ya taɓa sunkuya wa mai kawo wasiƙu har hularsa ta faɗa cikin kofin shayi. Wannan fa shi ne yaron da a Gumel sai an daka masa tsawa kafin ya russuna wa kawunsa.

Ranar Lahadi yakan ratso birni ya zo Catford domin wayar da kan jama'a, da kuma cin tuwo. Yana isa ƙofar Zubaida sai ya tuɓe takalmi a hankali, ya juya hancinsu waje, ya tsaya sai kowa ya gani.

"Yaya, kin san abin da ya ɗaga Japan sama? Tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Mu nan ne muka yi sake. Da kakanninmu sun san wannan hikima, da yanzu muna ƙera jirgin ƙasa."

Zubaida, wadda ta sha ganin Innarsu na korarsa da mafici saboda tako tabarma da takalmi, ta wuce kicin. Ta ajiye masa malmalar tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ɗanya. Gogan ya zaro tsinkaye biyu daga aljihun gaba, irin na cin abincin Japanawa, ya ce hannu ya yi ritaya. Allah ya sa ka ga wannan yaƙi da idonka. Ya tsikari tuwo, tuwo ya zille. Ya kama lomar da ƙyar, ya tsoma a miya, miya ta biyo shi da igiya tun daga kwano har haɓa, ta yi lilo, ta sauka a ƙirjin kaftani. 'Ya'yan Zubaida suka bar nasu abincin suka zuba ido. Kowa ya gama, an kwashe kwanuka, shi yana nan yana farautar loma ta uku. Ya ce ai cin abinci a hankali shi ne sirrin tsawon ran Japanawa. Da ya zaci ba mai kallo, sai ya shige kicin ya ƙarasa da hannu, har da suɗe yatsu.

Da a nan baiwar ta tsaya, da an ce alhamdu lillahi. Sai kuma ya gano kiɗa.

Wani kiɗa ne da ake kira indie rock, na jita da ganguna, wanda samarin da ba su da wani babban kamfani a bayansu ke yi, ba su da jari sai kuzari da haƙurin maƙwabta. Ɗalha ya sayi abin sauraro mai rufe kunne kamar faifai biyu, ya ɗora a kan hula, ya shiga ba da fatawa. Ƙa'idarsa ita ce, daɗin waƙa yana ga rashin masu jin ta. Ƙungiyar da mutum goma suka sani ta fi wadda dubu suka sani. Wadda ba wanda ya sani sai shi, wannan ita ce ƙarshen zance. Akwai wasu samari da ya yi makonni yana yabo, ranar da ya ji waƙarsu a shagon aski ya fito da rabin aski, ya ce sun ci amanarsa.

Ana cikin haka sai Allah ya kashe ya ba shi. Ashe mutanen gidansu ma suna da ƙungiya. Nozomi, wata 'yar siririya mai koyon zanen gine-gine, ita ce mai waƙa da jita. Tetsuya mai dafa taliya a wani gidan abinci shi ne mai ganguna. Akwai na uku, mai jita mai kaurin murya, wanda ba ya magana, shi kuma Ɗalha bai taɓa yin shiru ya ji sunansa ba. Sunan ƙungiyar da harshensu yana nufin Safa Ƙafa Ɗaya. Suna gwaji a garejin bayan gida, kuma duk duniya ba mai sauraronsu sai wata kyanwa, ita ma zaman ɗumi take zuwa.

Hankaka mai da ɗan wani naka. Kafin mako ya zagayo, duk Catford ta ji cewa Ɗalha-san ya gano wata ƙungiya. Bai ambaci cewa su suka buɗe masa ƙofa suka nuna masa inda ake zuba shara ba. Ya naɗa wa kansa muƙamin mai ba su shawara kan falsafar sauti, aikin da a zahiri ya ƙunshi riƙe musu waya kada ta harɗe. Su kuwa mutane ne masu kunya da kara. Duk abin da ya faɗa sai su gyaɗa kai, shi kuma ya ɗauka ilimi ne ke shigarsu.

To, Ƙungiyar 'Yan Arewa Mazauna Catford takan yi taron shekara, Musulmi da Kirista, a wani zauren ƙaramar hukuma, da yammacin Asabar. A bana akwai kujerar sakataren al'adu da za a cike bayan an ci abinci. Ɗalha ya dubi kujerar, ya dubi kansa, ya ga an yi su don juna. Ya je gaban shugaba, Baba Rwang, dattijo mutumin Jos wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas, ya sunkuya har sai da dattijon ya miƙa hannu don kada ya kife.

"Ranka ya daɗe, mutanenmu suna cikin duhu. Kullum kiɗa ɗaya, rawa ɗaya. Ni da na zauna da Japanawa, na ci da su, na yi shiru da su, na san abin da kunnen Bahaushe ke bukata. A yi cancel ɗin DJ. Na riga na yi booking ɗin yarana. Kuma, ban so in faɗa ba saboda tawali'u, sun yi mini waƙa ta musamman. Ban roƙa ba. Ko ji ban yi ba, sun ce sai a gaban jama'ata. Haka suke karrama manya a can."

Baba Rwang ya ce to, tunda kyauta ne.

Ranar taro Ɗalha ya shigo da wata riga mai ɗamara a kan kaftani, ya ce tufafin sarauta ne na Japan. Zubaida ta ce ita dai rigar wanka take gani. Zaure ya cika, ƙamshin masa da gwate ya gauraye, mata sun kafa ɗaurin kai, yara na zagaye tebura. Ɗalha ya karɓi makirfo ya yi jawabin gabatarwa mai tsawon huɗuba, ya roƙi jama'a kada su yi rawa, domin wannan kiɗa ba na ƙafa ba ne, na ƙwaƙwalwa ne.

Aka fara. Waƙar farko ta taho kamar an tura kwanukan gidan biki daga saman bene. Mama Eunice, uwar mata, ta dafe ɗaurin kanta da hannu biyu. Wani jariri ya farka ya shiga amshi. Baba Rwang ya rage sautin na'urar ƙara ji da ke kunnensa ya ci gaba da cin masarsa cikin lumana. Ɗalha kuwa ya lumshe ido a kujerar gaba, yana kaɗa kai kamar ƙadangare, yana jin tausayin waɗanda ba su gane ba.

Da ƙura ta lafa, Nozomi ta matso ta yi magana da Turanci, a hankali, cikin ladabi. Ta ce wannan ta gaba ta abokinsu ce, Ɗalha. Ta ce mahaifiyarsa takan kira shi daga Najeriya kowane mako, shi kuma yakan sa ta a sifika a kicin yana wanke kofi, kuma kullum akwai wasu kalmomi da take maimaita masa da murya mai ƙarfi da daɗin amo. Suka tambaye shi ma'anarsu, ya ce kirarin gidansu ne, wai tana ce masa zaki, garkuwar dangi, hasken gari. Abin ya taɓa zukatansu. Don haka suka haddace, suka ɗora a kan kiɗa.

Idanun Ɗalha suka buɗe.

Tetsuya ya saki wani kiɗa mai tsalle, da ya kwaikwayo daga tashi da saukar muryar tsohuwar. Nozomi ta rufe ido, ta dafa ƙirji, ta rera da Hausa tsantsa, Hausar Gumel, har da tsakin:

"Ɗalha, ka daina ƙarya! Ɗalha, ka daina ƙarya! Ƙaton banza, mtsw, yaushe za ka yi hankali?"

Sai wata mata can baya ta rangaɗa guɗa. Shi ke nan. Mama Eunice ta yi jifa da jaka ta faɗa fili. Zubaida ta zame daga kujera tana riƙe da ciki, hawaye na zuba. Baba Rwang ya ƙara na'urarsa har ƙarshe, ya saurara da kyau, ya miƙe ya ɗaga sanda sama yana taka rawa. Zaure kaf ya ɗauki amshi. Yaran da aka haifa a Landan, waɗanda shekara da shekaru ana yi musu Hausa suna mayar da Turanci, a ranar suka furta cikakkiyar jimla ba tuntuɓe.

Su Nozomi ba su taɓa ganin jama'a sun so waƙarsu haka ba. Cikin murna suka nuna Ɗalha da hannu, suna kiransa ya hau dandamali. In ya ƙi, ya ƙaryata kansa gaban Japanawa. In ya yarda, ya gaskata Inna gaban Hausawa. Ya hau. Ya tsaya a tsakiya da rigar ɗamara, jama'a na nuna shi suna rera masa, ya yi abin da ya iya: ya sunkuya. Aka nemi a maimaita waƙar, aka maimaita.

Zaɓe bai ɗauki lokaci ba. Mama Eunice ta lashe kujerar tana haki. Baba Rwang ya yi wa Ɗalha godiya ta musamman, ya ce tun da aka kafa ƙungiya ba a taɓa kawo waƙar da ta faɗi gaskiya irin wannan ba.

Kafin Litinin hoton bidiyon ya zaga wayoyi daga Peckham har Kano. Aka fara gayyatar Safa Ƙafa Ɗaya bukukuwa. Ɗalha ya sanar cewa ya raba gari da su, domin sun zama 'yan kasuwa, kowa da kowa na jin su, kuma shi dama ya daɗe da hango haka.

Da ƙarshen mako waya ta yi ƙara yana kicin. Inna ce. Wannan karon ya manna wayar a kunne, ya juya wa ƙofa baya, ya yi sallama ƙasa-ƙasa.

"An kunna mini waƙar," in ji ta. "Yarinyar nan tana da murya, Allah ya yi mata albarka. Amma rabi kawai suka ɗauka. Sa ni a sifika, ka kira su, in ƙarasa musu."