Littafin da Ya Fara da Ruwan Sama

Ranar da na ƙudiri zama mai ilimi, ban nemi shawarar kowa ba. Ni tela ne a unguwar Briqueterie ta Yawunde, hannuna ba ya samun sukunin riƙe littafi, don haka na ce waya ta riƙa karanta mini. Na zaɓi manhajar da ta fi yawan taurari, na yi abonema, wato na biya kuɗin shekara guda, na jona lasifika don abokan aikina su ma su ƙaru.

Sai muka ji ƙarar ruwan sama daga lasifikar. Na ce gabatarwa ce, manyan marubuta ba sa gaggawa. Washegari kwaɗi suka shigo, na ce labari ya fara zafi. A rana ta uku duk muka ɓingire da barci a kan kekunanmu, rigar ango tana jira.

Uwar angon, Hajiya Asabe, ce ta tashe mu. Ta karɓi wayar, ta karanta bayanin manhajar da ke rubuce da Faransanci a nitse.

"Malam, wannan ai ta masu rashin barci ce."

Har yau, da zarar hadari ya haɗo a Yawunde, mahautan layinmu sai su leƙo shago su ce, "Malam, kasa kunne, ga babi na biyu nan tafe."