Rasuwar Khala Ji, Kwamfutar Shafqat Dogar

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Shafqat Dogar, mai shagon buga takardu a bakin kotun birnin Multan, yana sanar da lauyoyi da masu ƙara da dillalan filaye, da duk mai shigowa shagonsa don ya sha fanka kawai, rasuwar kwamfutarsa ta tebur, wadda kowa ya sani da Khala Ji. Ta cika ranar Talata da hantsi a hannun maigidanta, yana tsaka da yi mata magani.

Marigayiyar ta zo shagon tun Shafqat yana da baƙin gashi. Matarsa Rukhsana, Allah ya ji ƙanta, ita ta raɗa mata sunan, wai nawarta da gunaguninta sak na ƙanwar mahaifiyarta, wato Khala a yarensu. Khala Ji ba ta san gaggawa ba. In an kunna ta sai ta yi tari, ta ce "ƙirrr, ƙit, ƙit," mutum ya je ya sha shayinsa ya dawo ya tarar tana miƙa. Amma da ita aka raba gado, da ita aka sasanta maƙwabta a kan katanga, ita ta buga katin auren rabin unguwa, ba a kuma taɓa jin sirrin kowa a bakinta ba.

Jinyarta ta faro ne da lauyoyi suka fara turo takardu na sabon yayi. In ta buɗe, sai ta nuna taurari da 'yan akwatuna. Nighat, 'yar Shafqat, mai koyar da kwamfuta a kwalejin mata, ta ce sabuwar manhajar ofis ake bukata.

"Abbu, ka jira ni Lahadi in duba ko za ta ɗauka. Tsohuwa ce fa."

"Ni da na raine ta, ke za ki koya mini ba ta magani?"

Ya samo manhajar a filashi, ya ɗaura tabarau, ya fara goge tsohuwar manhajar kamar yadda bayanin ya ce. Sannan ya buɗe wannan baƙin allon da ba ya jin lallashi, ya shiga rubuta umarni da hannu, layi bayan layi. Ya saka wannan yanki, yankin ya ce sai an kawo ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya ce shi ma yana da ƙane. Chacha Boota mai shayi, da ya leƙo karɓar kofi, ya girgiza kai.

"Dogar Sahib, tsohuwar da ba haƙori ba a ba ta rake."

Shafqat bai ko ɗago ba. Koren layin nan mai nuna inda aikin ya kai ya yi ta rarrafe har ya kusa gaɓa, sai ya tsaya cak. Fankar cikinta ta yi kukan da ba a taɓa ji ba, ƙauri ya tashi kamar an manta gurasar roti a kan wuta. Kalamanta na ƙarshe su ne "tiit, tiit, tiiiit."

Bai yi kukan takardun kowa ba. Ya zauna da filashi a hannu, don duk hotunan Rukhsana a cikin Khala Ji suke, har da muryarta ta ranar bikin Nighat, kuma ba su a ko'ina sai nan. Kwana biyu ko shinkafar biryani ba ta wuce masa ba. Da Nighat ta zo, ta kwance cikin marigayiyar, ta zaro ma'ajiyarta ta jona a tata na'urar. Can sai ga dariyar Rukhsana ta cika shago, tana yi wa wani faɗa a kan gishiri. Nighat ba ta ce "na faɗa maka" ba. Shafqat ya juya ya fuskanci bango, ya ce har yanzu hayaƙin nan ne ke damun idonsa.

Ta rasu ta bar firinta guda mai cin takarda, da allon rubutu da haruffansa suka goge, da linzami mai ɗingishi, da batirin ajiyar wuta wanda tun ranar yake kuka ba dalili. Sabuwar manhajar kuwa tana nan cikin filashi, ko gaisuwa ba ta aiko ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan La'asar, idan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya iso da amalanken jakinsa. Ana karɓar gaisuwa a shago, akwai shayi da samosa. Masu zuwa da shawarar abin da ya kamata a yi, su bar ta a gida. Shafqat ya roƙi alfarma ɗaya: a bari ya shiga bayan shago kafin a ɗora ta a kan sikeli.