Turmi Tara na Mai Girma Shugaban Walwala

Jama'a, Juma'ar da ta wuce na ga wasan da ba shi da agogo, kuma a kaina ya ƙare.

Kamfaninmu na unguwar West Bay, a nan ƙasar Larabawa, yana da Kwamitin Walwalar Ma'aikata. Mai Girma Shugaban Walwala, Allah ya ƙara masa sanyin ofis, ya je kwas ƙasar waje, ya dawo mana da wani wasan ƙwallo da sanda wai shi besbol. Aka sayo sanduna da huluna, har da riga mai sunansa a baya. Mu da muka shekara muna roƙon a gyara mana na'urar sanyaya ɗaki, aka ce mu kwantar da hankali, ga walwala ta iso.

Ni direban bas ne, don haka ni na kwashi 'yan wasa, masu gadi da 'yan ofis su Mai Girma, zuwa wani fili a unguwar Aziziya bayan an sauko daga masallaci. Na ce wa Mai Girma, "Ranka ya daɗe, ƙarfe nawa za a tashi? Abdulbaqi, maƙwabcinmu a Zariya, zai bar unguwar Al-Sadd ƙarfe biyar ya kama jirgin gida. Tabarau zan ba shi ya kai wa mahaifiyata, wata uku ke nan ba ta iya karatun Alƙur'ani."

Ya ce, "Haladu, inin tara ne kawai. Yalla, mu je!"

Inin ɗin nan kamar turmi yake a dambe, sai dai ba ya ƙarewa sai an fitar da mutum uku daga kowane ɓangare. To, wa zai fitar da Mai Girma, alhali alƙalin wasan sakatarensa ne?

Da ƙyar aka kai turmi na tara, ƙarfe huɗu da kwata, masu gadi sun fi 'yan ofis da ci ɗaya. Har na tayar da mota. Sai Kwamiti ya shiga taron gaggawa a ƙarƙashin rumfa, ya fito da hukunci: cin da masu gadi suka yi lokacin da Mai Girma yake amsa waya bai halatta ba. An yi kunnen doki ke nan, doka kuwa ta ce a yi ta ƙara turmi har wani ya ci. Kai, madalla da shugaba mai bin doka!

Aka yi na goma, aka shiga na sha ɗaya. Na yafito Gariba, ɗan Zangon Kumasi, mai jefa wa masu gadi ƙwallo. Na ce, "Ɗan'uwa, don girman Allah ka bar mutumin nan ya ci."

Ya share gumi ya ce, "Malam Haladu, tun ɗazu nake jefa mishi kamar ina miƙa ma jariri ƙosai. Shi ne ba ya iya bugawa!"

A turmi na sha biyu ƙwallo ta yi kuskure ta taɓa sandarsa, ta gangara taku biyar. Masu gadi tara duk suka ɗaga kai suna kallon sama, shi kuma ya zaga fili yana haki. Khalas, wasa ya ƙare. Sai jawabi, minti ashirin da biyar, a kan muhimmancin kiyaye lokaci.

Na isa Al-Sadd ana kiran magariba, Abdulbaqi ya daɗe da tafiya. Na kira Inna na ba ta haƙuri, na zayyana mata komai. Ta ce, "Ba komai, ɗan nan. Su dai sun ji daɗi ko?" 

Yau da safe Kwamiti ya turo saƙo: ganin nasarar da aka samu, wata mai zuwa kurket za a buga. Na tambayi Rashad, abokin aikina ɗan Lahore, shi kuma awa nawa yake ɗauka. Ya dafa kafaɗata cikin tausayi ya ce wani kan kai kwana biyar.