Kokena Kan Faifan da Ya Fitar da Ni Daga Ruwa

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Hoto Garau,
Duk inda ofishinku yake, tunda ba ku rubuta a jikin kwali ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da bai taɓa ganina ba amma ya gama da ni, ina fatan kana lafiya, kai da injiniyoyinka masu kaifin ido.

Sunana Dankure Tamba, haifaffen Argungu, tsohon ma'aikacin gwamnati, mazaunin Gesse a Birnin Kebbi. Ni ne shugaban ƙungiyar masu adana finafinai ta unguwarmu. Mu uku ne: ni, da Malam Sama'ila tsohon malamin makaranta, da Hodi, abokina tun ƙuruciya, masunci, wanda ke shigo mota daga Argungu duk Asabar don ya yi kallo a falona. Ga abin da ke tafe da ni.

Na ɗaya. Sau nawa mutum zai sayi fim guda kafin ya zama nasa? Na saya a kaset, kuka ce kaset ya tsufa. Na saya a faifan sidi, wanda ke tsayawa cak daidai lokacin da jarumi ya buɗe baki. Kuka kawo dibidi, na bi ku. Yanzu kun zo da sabon faifai da sabuwar na'ura, kun ce duk abin da na gani a baya ban gani ba. To shekara talatin me nake kallo, ranka ya daɗe?

Na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. A cikin tarina akwai wani fim da aka zo aka ɗauka a bakin kogin Argungu shekara ashirin da shida da suka wuce. Ana cikin fim ɗin, a bayan jarumin, wani mutum yana tasowa daga ruwa, gora a ƙirji, ya rungumo giwan ruwa mai girman ɗan maraƙi. Daƙiƙa huɗu ce. A kaset fuskarsa dishi-dishi take, kamar an shafe ta da koko. Ranar da muka fara kallo na ce ni ne. Da wasa na faɗa, Allah ya sani. Amma ba wanda ya musa, sai na sake faɗa. Kafin shekara uku har sanyin ruwan nake tunawa, da yadda kifin ya make ni da wutsiya. Da wannan kaset na je neman auren matata Rauda, na kunna wa yayyenta. A ofis ana kirana Sarkin Ruwa har na yi ritaya.

Da labari ya zo cewa kun wanke fim ɗin kun fitar da shi a sabon faifai, ƙungiya ta zauna. Malam Sama'ila ya ce a sayi na'urar, ilimi gaba yake yi. Hodi ya ce a bar ta, abin da muke da shi ya ishe mu, ya kuma maimaita har sau biyu yana kallona. Ƙuri'a ta rage tawa. Ina son in ga fuskata tangaran kafin in mutu, sai na ɗaga hannu. Ban tsaya nan ba. Na gayyaci surukaina, da maƙwabta, da tsofaffin abokan aiki, ranar Asabar bayan la'asar. Rauda ta dama fura.

Ranka ya daɗe, aikinku ya yi kyau. Mutumin ya taso daga ruwa, ana ƙirga ɗigon da ke gemunsa. Ga wushirya, ga tabon ƙugiya a kunnen hagu. Hodi ne.

Na uku. Da kun tsaya nan, da na ce kama ce. Amma a gefen hoton akwai wani baƙin abu da muka ɗauka kututture ne tun zamanin kaset. Wa ya aike ku wanke kututture? Ni ne, zaune a tudu, a bushe ƙayau, takalman masunta jibge a gabana ina gadi, ina shan rake. Malam Sama'ila, wanda ya karanta takardar bayanin na'urar tun daga bango har bango, ya gano maɓallin tsayar da hoto da na kusanto da shi. Ya yi amfani da duka biyun. Wane laifi na yi wa kamfaninku da har ɓawon raken da ke leɓena sai da kuka fito da shi?

Na huɗu. Ba ku sa gargaɗi ba. Kwalin maganin tari ma yana faɗa wa mutum abin da zai iya samunsa.

Na biyar. Kun sa na ji abin da ban tambaya ba. Da baƙi suka watse, suna dariya har bakin titi, na zauna ba wa Rauda haƙuri. Tana kwashe kofuna ta ce, "Baban Sadatu, kai da ka ƙi shiga kwalekwale ranar da muka je Zauro, ruwa iya gwiwa? Tun ran nan na sani." Watau shekara ashirin da huɗu ni kaɗai ne a gidan ban sani ba. Na juya kan Hodi, na tambaye shi dalilin shirunsa. Ya ce, "Kai ad da bidiyo, Dankure. Da na ce ni na, ina za ni kallo?"

Na yi niyyar in mayar muku da kayanku a kwalinsu, in koma kan kaset inda nake da mutunci. Har na fara naɗe waya. Sai Hodi ya ce in ɗan sake kunna masa wurin. Idonsa ya yi rauni yanzu, gwiwa ta hana shi shiga ruwa shekara shida. Ya jawo kujera har gaban talabijin, hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Na kunna, ya ce in sake. Sau tara muka yi. Sai na ga hannuwansa suna buɗewa a kan cinyarsa daidai faɗin kifin. Jikokinsa ba su taɓa ganinsa cikin ruwa ba, kuma duk lokacin da ya ba su labarin wani kamu sai su yi murmushin ladabi.

Don haka na'urarku ba za ta dawo ba, kuma kada ku ɗauka yafiya ce. Ranar Asabar mai zuwa ni zan shiga mota zuwa Argungu, da ita a kan cinyata, an riga an gaya wa unguwar su Hodi. Buƙatata ɗaya, kuma ina roƙon amsa kafin Juma'a: wutar sola ta gidan Hodi za ta iya ɗaukarta, ko in ɗauko janareta?

Allah ya ƙara wa kamfaninku basira, ya rage masa sa ido.

Naka mai biyayya, ba don ya so ba,

Dankure Tamba,
Gesse, Birnin Kebbi.