Katin da Kashim Bai Ƙarasa Ba

"Ya gajiya? Ya ƙarin haƙuri kuma, bawana?"

Mala Zarami ya ɗago kai daga teburin shagonsa na buga takardu a Dogo Nini. Wata huɗu ke nan da rasuwar ɗansa Kashim a hatsarin mashin a hanyar Nangere, kowa lallaɓa shi yake kamar ƙwai. Sai ga Bubayaro, Bafulatanin nan mai gyaran kwamfuta, ya faɗo da jaka a kafaɗa. To, tsakanin Babarbare da Bafulatani ai babu lallaɓawa, ko a gidan makoki ne.

"Haƙuri sai godiya. Yaushe bawa ya fara kiran ubangidansa bawa? Wa ka bar wa shanun?"

"Suna can suna kiwon Barebari. 'Yarka Khaulat ce ta turo ni. Ta ce bikinta saura sati uku, kati bai fito ba. Wai kwamfutar babanta sai an sha shayi an yi alwala kafin ta buɗe shafi ɗaya."

"Sharrin yara ne. Tunani take yi. Kayan Barebari ba ya rawar jiki."

Bubayaro ya zaro wata sabuwa fil daga jaka. "Ga mai sauri. Kafin ka gyara wannan ƙatuwar hular taka ta gama aiki."

"Mayar da abinka. Siririya kamar mai ita, iska ɗaya ta kwashe ku tare."

"Na san za a yi haka, taurin kai a jininku yake." Ya fiddo wani ɗan falle kore, bai fi yatsa ba. "Memori ne. In na ƙara wa tsohuwar taka za ta miƙe. Kashe ta in kwance bayanta."

Mala ya ɗora tafin hannunsa a kan kwamfutar.

"Ba a kashe ta."

"Sarauta gare ta?"

"Ba a kashe ta, Buba."

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba ke nan, ko matarsa Hajja a gida. Wata huɗu cur bai bar ta ta mutu ba. In babu wuta ya kai ta solar maƙwabta, in hadari ya rufe rana ya bi masu janareta shago shago. Ya juyo da fuskarta wajen Bubayaro.

"Da safen ranar Kashim ya fara katin ƙanwarsa. Ya ce, Baba, kar ka kashe, ban adana ba, yanzu zan dawo."

Bubayaro ya sunkuya ya karanta. Layi ɗaya ne tak: Iyalan Mala Zarami na farin cikin gayyatar. Nan ya tsaya. Bafulatanin ya ɗago, ya goge ido da hannun riga.

"Wannan turaren naku ne yake shigar min ido," in ji shi. "Amma wallahi ban taɓa ganin wauta irin ta Barebari ba. Wata huɗu kana gadin abin da maɓalli biyu ke adanawa! Da batir ya mace fa?"

Tsoron da ke hana Mala sukuni ke nan kullum.

"Zai adanu? Yadda ya bar shi?"

"Matsa, bawan Allah kuma bawana."

Ya adana, ya kwafa a filash, ya kuma buga a takarda. Kwamfutar ta ja musu rai kafin firinta ta turo. Mala ya karɓi takardar da hannu biyu, da ɗuminta.

"To kashe," ya ce.

"A'a. Kai ya bar wa amana, kai za ka sauke."

Mala ya yi bismilla ya danna. Ƙarar fankar nan da ya saba ji ta ɗauke ɗif. Sai ya ji kamar yau aka yi rasuwar, kukan da ya riƙe tun a maƙabarta ya ƙwace masa. Bubayaro bai ce masa yi haƙuri ba. Kansa a ƙasa ya kwance sukurori, ya cusa memorin, ya ɗaure, ya kunna.

Kafin Mala ya gama share fuska ta buɗe. Ga layin nan, ko harafi bai goce ba.

"Ka gani? Har ta fi mai ita hankali."

Dariya ta kuɓuce wa Mala a tsakiyar hawaye. Ya cire hularsa zanna ya kifa wa Bubayaro a ka, ta sauko har kunne.

"Ka ci yau, ɗan Fulani. Ungo, na 'yanta ka."

"Ni za ka 'yanta? Tashi in ƙarasa katin."

"Zauna can," in ji Mala, yana jawo kujera kusa da teburin. "Aikin ɗana ne. Kai dai nuna min inda harufan suke."