Dattijo Ya Bar Marayu Talatin da Tara

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta fal har wuya, ni Ok Man-su, tsohon direban bas na birnin Daegu, nake sanar da 'yan'uwana na ƙungiyar masu dafa giyar gida ta unguwarmu rasuwar aminina kuma mai rufa mini asiri, wato firijin kimcin nan mai murfi biyu da kuka sani da suna Dattijo. Ya rasu ranar Talata da misalin ƙarfe biyu na rana, a ɗan ɗakinsa na saman bene, bayan gajeriyar jinya. Ya bar duniya yana da shekara ashirin da uku, wanda a lissafin firiji ya isa a ce ya ga jikoki har da tattaɓa-kunne.

Marigayin ya shigo gidanmu ne ta hannun surukata, mahaifiyar matata, wadda muke kira Inna. Shekara goma sha shida ya yi yana hidimar kimci, tsimammen kabejin nan da muke ci da abinci. Duk watan Nuwamba a cusa masa kabeji kai ɗari da yaji da tafarnuwa, ya karɓa bai taɓa cewa uffan ba. Da matata ta sayo sabon firiji, dogon nan mai ƙyalli da ke tsiwa in an bar ƙofarsa a buɗe, sai ta ce a kira motar kwasar tsofaffin kaya. Ni na hana. Ni da Pyo mai gyaran lantarki muka ɗauke shi a kafaɗa muka hau da shi bene hawa uku, kuma har yau bayana bai yafe mini ba.

Waɗanda suka shigo ƙungiya daga baya ba su san halin da nake ciki kafin Dattijo ba, don haka ya zama dole in tona asirin kaina. A wancan zamanin, in na ɗura giya a kwalba na zuba mata ɗan sukarin da zai ba ta iska, cikin durowar tufafi nake ɓoye ta ta nuna. A sanyi abin yana tafiya daidai. Amma kowa ya san yadda zafin Yulin garin nan yake. Wata rana muna cin abincin rana kwalba bakwai suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba su zaɓi inda za su yi amai ba sai kan rigar silikin da matata ta sa ranar aurenmu. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ajiye cokalinta ne a hankali ta ce, "Baban Ha-rim, buɗe kunnenka. Kwalba ɗaya ta ƙara fashewa a gidan nan, ɗaya tak, tukwanen giyar nan naka albasa zan shuka a ciki." Shekara talatin da ɗaya muna tare, ban taɓa jin ta faɗi magana ta janye ba.

Daga ranar da Dattijo ya karɓi aikin, shekara bakwai cur, kwalba ko ɗaya ba ta sake ɗaga murya ba. Pyo ya ɗaura masa wata 'yar na'ura, ɗakin cikinsa na hagu ya tsaya a digiri goma sha takwas. A nan sabuwar giya take kwana goma sha huɗu tana nuna a natse, ba gaggawa. Daga nan sai in mayar da ita ɗakin dama, digiri huɗu, ta kwanta ta washe har ana hango yatsa ta bayan kofi. Sha takwas a hagu, huɗu a dama. A waje rana ta narkar da kwalta, ko ƙanƙara ta daskarar da famfo, shi dai yana nan kan maganarsa. Na yi aiki da mutane shekara talatin a tashar bas, ban samu mutum uku masu irin wannan riƙon alkawari ba.

Ba mai yawan magana ba ne. In ka shiga ɗakinsa sai ka ji "hmmmm" a hankali, irin na dattijon da ya ji ƙarar da ka kawo yana nazari. In ya gamsu sai ya ce "ƙyat", ya yi shiru. Sau da yawa in an yi mini faɗa a ƙasa nakan hau in zauna a gefensa in jingina, ya yi mini wannan "hmmmm" ɗin, in sauko zuciyata ta yi sanyi.

Ba zan ce ba shi da aibi ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya. Shekararsa ta farko a sabon aiki bai manta tsohon ba, duk kwalbar da ta fito daga cikinsa da warin tafarnuwa a wuyanta take fitowa. Ni na riƙa ce muku salo ne na musamman. Pyo ne kaɗai ya kurɓa ya dube ni ya ce, "Man-su, wannan giyar taka ai sai da shinkafa." Na yafe wa marigayin, Pyo kuwa ina nan ina tunani.

Game da ciwon ajali, ina so tun farko a sani cewa ba na zargin kowa.

Bana Inna take cika shekara tamanin, kuma ƙarshen watan nan za a yi mata biki. Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa kiran sunana ba, "ɗan gidan Ok" take ce mini, kuma ba ta taɓa yaba wani abu da hannuna ya taɓa ba. Giyata kuwa sunan da ta raɗa mata shi ne ruwan wankin sha'ir. Sai na ƙudurta a raina cewa a bikin nan sai ta sha kofi ɗaya, ko da za ta tofar. Na dafa mafi kyan abin da na iya, na ɗura kwalba arba'in ranar uku ga Agusta, na jera su a ɗakin hagu, na damƙa wa Dattijo amana.

Kwana huɗu bayan haka Inna ta iso daga ƙauye da jan barkononta buhu shida, za ta shanya a saman benenmu kamar yadda take yi duk shekara. Ni kuma na tafi garin Pohang ɗaurin auren ɗan wani tsohon abokin aikina. Ina fita ruwa ya ɓalle, kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Barkono ya fara laushi, kuma duk wanda ya san tsofaffin ƙasar nan ya san gara a ce musu gida ya kama wuta da a ce barkonon bana ya yi fumfuna. Aka kwashe shi aka shigar ɗakin Dattijo. A nan ne wata mai hikima, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta lura cewa iska mai ɗumi tana fitowa ta bayan marigayin. Ta jera farantan barkono ta toshe bayan nan tsaf, ta ɗora wasu a gefe da gefe, sannan don kada ɗumin ya tafi a banza ta kawo bargon sanyi mai auduga ta lulluɓe su gaba ɗaya, da firiji da barkono.

Ruwa ya ɗauke ranar Litinin, rana ta fito da fushin kwana uku. Na dawo Talata da hantsi, na hau gaishe shi, na tarar da shi a lulluɓe kamar mai zazzaɓi. Babu "hmmmm". Abin da nake ji kawai "ƙyat... ƙyat... ƙyat", sannan wani dogon "gurrrr" da ban taɓa jin irinsa a bakinsa ba. Na yaye bargon, na watsar da farantan, na yi masa fifita da murfin kwali ina kiran sunansa. Ya yi "ƙyat" sau ɗaya, na ƙarshe. Ban ji kunya ba, na yi kuka.

Pyo ya zo a guje, ya ɗora hannu a bayansa ya janye da sauri. Ya ce, "Ya tafi, Man-su, injin ya ƙone ƙurmus. Kai, wane mara tausayi ne zai lulluɓe firiji da bargo a watan Agusta?"

Inna tana tsaye a bakin ƙofa, hannunta a baya. Ta ce, "Barkonon dai ya bushe."

Ba lokacin makoki ba ne, don ma'aunin da ke ɗakin hagu ya riga ya nuna talatin da ɗaya yana hawa. Giya ce 'yar kwana tara, tana tsakiyar aiki, ga zafi ya zuga ta. Na leƙa ƙasa na roƙi matata ta ba marayun nan masauki a sabon firiji. Ta ce, "Kifi da naman biki zan fitar in sa kwalabenka? Ko ɗaya ba za ta shiga ba." Sai muka fara fito da su ni da Pyo, muna ajiyewa a inuwa a hankali kamar ƙwai. Mun fito da goma sha biyu ke nan, wadda ke kusa da ƙafar Inna ta ce "tas!" ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta. Kumfa ya wanke siminti.

Daga ƙasa muryar matata ta taso. "Ƙarar mene ne wannan?" Sai takunta a kan matakala, hawa na ɗaya, hawa na biyu. Ni dai na tsaya, kuma na rantse muku a idona na ga albasa ta tsiro a tukunyata ta dahuwa har ta yi fure.

Ta iso ta dubi fasasshiyar kwalba, ta dube ni. Kafin ta buɗe baki Inna ta ce, "Ni ce. Daga hannuna ta kuɓuce."

"Inna, me ya kai ki ɗaukar kwalbarsa?"

"Dubawa nake in ga ko ta kai a sha. Ko yanzu kin hana tsohuwa yin kuskure a gidanki? To, sai ki faɗa mini in koma ƙauye."

Matata ta daɗe tana kallon uwarta, sannan ta daɗe tana kallona, har Pyo ya fara nazarin igiyar takalminsa. Amma ba a ce wa uwa mai shekara tamanin ta yi ƙarya. Ta juya ta sauka ɗauko tsintsiya.

Tana ɓacewa Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. "Kai ɗan gidan Ok, ka saki baki kana kallona kamar kifi a kasuwa. Kwaso buhunan albasan can, masu raga. Kai kuma mai gyara, juyo da motarka."

Muka zuba kwalabe talatin da tara a buhuna, muka jiƙa bargon nan da ya yi kisa muka rufe su da shi, muka kama hanyar ƙauyenta. Tafiyar minti arba'in ce, Pyo ya yi ta a awa ɗaya da rabi, duk rami sai ya tsaya ya gaishe shi. A tsakar gidanta akwai tsohuwar rijiya ƙarƙashin bishiya. Ta sa muka ɗaure buhunan da igiya muka zura su ɗaya-ɗaya har ruwa ya rufe su. Na zura ma'aunina na jawo, na ga digiri goma sha biyar, sanyin da ba zai bar kwalba ta fashe ba, na kasa riƙe bakina.

"Inna, sha biyar! Sha biyar daidai!"

"Cire mini wannan tsinken daga rijiya. Shekara sittin ina sa kankana a nan, ba ta taɓa tambayata lamba ba."

A hanyar dawowa ba wanda ya ambaci bargo, ba wanda ya ambaci hannun da kwalba ta kuɓuce wa. Sai da muka kusa shiga gari ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da kuɗin barkono na sayo shi, ka sani?" Na ce ban sani ba. Daga nan ta mayar da fuskarta taga har muka iso gida.

Marigayin ya bar marayu talatin da tara, waɗanda a halin yanzu suna cikin ƙoshin lafiya a rijiyar Inna. Ɗaya ta bi shi a ranar. Ya bar 'yar na'urar da Pyo ya ɗaura masa, da wayar wuta mai tsawon mita goma, da ƙani guda, dogon nan na ɗakin girki, wanda har yau bai hau ya yi ta'aziyya ba. Ya kuma bar ni, da ba ni da wurin jingina.

Za a yi zaman makoki na kwana uku kamar yadda aka saba, a saman bene, daga ƙarfe tara na safe zuwa faɗuwar rana. Kada kowa ya kawo ambulan ɗin kuɗin ta'aziyya. Mai son taimaka wa iyalan mamaci ya zo da kwalabe masu launin ruwan ƙasa, wankakku. Za a ba da miyar nama da shinkafa, kuma da barkonon nan aka yi ta, wanda cikin takaici nake shaida muku ba mu taɓa samun mai kyansa ba. A tuna ba a kara kofi da kofi kafin a sha a gidan makoki.

Ranar Juma'a da ƙarfe goma motar kwasar kaya za ta zo ta ɗauke shi. Ana neman mutum huɗu masu lafiyayyen baya. Kafin a sauko da shi, Inna ta ba da umarni a jawo kwalba ɗaya daga rijiya. Ta ce ita za ta zuba kofin farko ta ajiye a gabansa da hannunta. Na biyun kuma ta ce in zuba mata ta sha, ta ji abin da ya sa ya kashe kansa a kai. Na roƙe ta ta bari sai ranar biki, giyar ba ta gama nuna ba. Ta ce, "Man-su, zuba kawai." Da sunana ta faɗa, Pyo shaida ne.

A ƙarshe, wannan sanarwa ta 'yan ƙungiya ce kaɗai, wanda ya karanta ya ninke ya sa a aljihu. Jiya na ga matata, Maman Ha-rim, ta sayo irin albasa ta ajiye a kan taga. Don haka duk wanda ya zo ta'aziyya ya ci karo da ita a matakala, in ta yi masa tambaya, amsa ɗaya ce: daga hannun Inna ta faɗi.